Ɓul-ɓul Ba Lafiya Ba Ce: Ƙalubale Ga Gidajen 'Yan Boko

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, akwai wata cuta da ta shigo gidajen 'yan boko ta ƙofar gaba, aka yi mata shimfiɗa, aka kawo mata ruwa, har ana yi mata kirari. Sauran cututtuka in sun kama yaro sai hankalin gida ya tashi, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Ita kuwa wannan in ta kama shi sai baƙi su riƙa jan kumatunsa suna cewa tubarkalla, yaro ya yi ɓul-ɓul, lalle hutu ya zauna a gidan nan. Uwa ta yi murmushi, uba ya gyara zaman hula. Ƙibar yara muke nufi, watau teɓar da ta wuce kima har ta zama barazana ga lafiya. Abin da muka zo da shi kuwa shi ne, yaro ba ya sayo wa kansa ƙiba. A gida ake dafa ta, manya ne ke biyan kuɗin cefanenta, kuma irin gidan da ake dafa ta ɗin shi ne ainihin gidan da yawancinmu ke mafarkin ginawa da zarar mun karɓi takardar digiri.

Mun san abin da wani zai ce tun kafin ya kai ƙarshen wannan shafi. Zai ce waɗannan 'yan jami'a sun ƙoshi da yawa. Ana fama da yunwa a ƙasa, su suna kukan ƙiba. To, ba mu musun yunwa. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda rashin abinci mai gina jiki. A jihohin Arewa maso Yamma abin ya kai kashi 57. Waɗanda nauyinsu ya wuce kima kuwa kashi 2 ne kacal. Duk wanda ya ga cibiyoyin jinyar tamowa a Katsina ko Maiduguri ya san inda wuta ta fi ci. Amma shi wannan binciken ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kuma abin yana ƙaruwa ne gwargwadon zaman birni da zurfin karatu da kaurin aljihu. Su wa ke nan? Mu ne, da matan da za mu aura, ko mazan da za su aure mu.

Mu duba kuma inda duniya ta dosa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin 100 ne na yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 ke da nauyin da ya wuce kima. A 2022 sun kai kashi 20, watau fiye da mutum miliyan 390, kuma miliyan 160 daga cikinsu ƙibarsu ta kai matsayin cuta. A 2025 hukumar UNICEF ta ba da sanarwar cewa a karo na farko a tarihi, yara masu ƙiba a wannan rukuni sun fi ramammu yawa a duniya, in ban da Kudancin Asiya da ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara. Wannan togiya ba abin taƙama ba ce. Jinkiri ne kawai aka yi mana, kuma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da ya kamata ya yi wa nasa.

Akwai ma abin da ya fi wannan tayar da hankali, wanda ya kamata kowane ɗan ƙauye da ya shigo jami'a da akwatin ƙarfe ya sani. Yunwa da ƙiba ba abokan gaba ba ne, 'yan ɗaki ɗaya ne. A lokacin hunturun 1944 zuwa 1945, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus sun datse hanyar abinci a yammacin ƙasar Holan, aka yi yunwar da ta kashe dubban mutane. A 1976 masana suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan samari wajen 300,000 da aka auna lokacin ɗaukar soja, suka tarar cewa waɗanda yunwar ta sami iyayensu mata a farkon watannin cikinsu sun fi sauran yin ƙiba. Daga baya wani likita a Ingila, David Barker, ya bi tsofaffin takardun haihuwa, ya nuna cewa jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi faɗawa ciwon zuciya da ciwon sukari in sun manyanta. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, jikin da aka gina cikin rashi yakan koyi rowa, ya riƙa tattalin duk abin da ya samu. In ka ɗauko wannan jiki ka dasa shi a gidan da firji ke cike da lemo, ka haɗa fetur da ashana. Yarinyar da ta tsumbure a ƙauye yau, gobe ita ce matar ma'aikaci a birni, kuma ita za ta haifi ɗan hutun da ake ja wa kumatu. Saboda haka mai cewa mu gama da yunwa tukuna sannan mu waiwayi ƙiba bai fahimci ciwon ba.

Son ƙiba da muke yi yana da asali, ba mu raina shi ba. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga yadda sa ke faɗuwa a bakin rijiya, sun binne yaran da ƙyanda ta tarar da su ba tsoka. Ga wanda ya ga wannan, kitsen yaro ajiya ce ta ranar wuya. Sannan aka zo zamanin kuɗin man fetur, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975 har da bashin watanni, firji da telebijin suka shiga gidajen akawu da malaman makaranta, tumbi ya zama shaidar cewa mutum ya isa. Tun daga nan ma'aunin ya tsaya cik bai motsa ba. Har yau amarya in ta yi wata uku ba ta ciko ba sai dangi su fara ƙus-ƙus cewa miji ba ya riƙe ta da kyau. Har yau ana sayar da ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu magungunan asibiti ne masu ƙarfi da ke kumbura fuska, su tayar da sukari da hawan jini. Har yau akwai uwar da za ta je kemis ta ce a ba ta maganin cin abinci don ɗanta mai ƙoshin lafiya, mai guje-guje, domin kawai ɗan maƙwabciya ya fi shi kumatu. Ga wanda bai yi karatu ba sai a yi masa uzuri. Amma wanda ya yi shekara huɗu yana zaman laburare, wane uzuri gare shi?

Uzurin da aka fi kawowa shi ne gado. A ce ai haka gidansu suke, kakansa ma ƙato ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba za mu ɓoye ta don mu ci gardama ba. A 1986 Albert Stunkard da abokan aikinsa sun bincika mutum 540 a ƙasar Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna jarirai, suka tarar cewa nauyinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka rene su ba. Wani bincike a Amurka a 1997 ya nuna cewa yaro ɗan ƙasa da shekara 10, in ɗaya daga iyayensa na da ƙiba, hatsarin ya zama mai ƙiba in ya girma ya ninka fiye da sau biyu. To amma mu tambayi masu wannan uzuri: daga 1990 zuwa 2022 jinin 'yan Adam ne ya sake? Cikin shekara 32 ba a sake halitta ba, tukunya aka sake. Gado yana nuna wanda zai fi saurin kamuwa ne, gida kuwa shi ke yanke hukuncin ko za a kamu. Hasali ma sanin cewa abin yana cikin jinin gidanku dalili ne na ƙara tsaro. Wanda ya san bukkarsa ta kara ce ba ya wasa da garwashi. Bugu da ƙari, ba jini kaɗai ake gada ba. Ana gadon girman malmala, da yawan man da ake zubawa a miya, da cokali nawa na sukari ake sa wa shayi.

Yanzu mu leƙa gidan ɗan boko mu ga yadda yini ke tafiya. Da safe ana sauri, maigida zai tafi ofis, uwargida ma haka. Koko da ƙosai sun zama abincin talaka, sai shayi mai kauri da burodi, ko a jefa Indomie a tukunya domin minti biyar ta isa. A cusa wa yaro biskit da lemon kwali a jaka, ko a danƙa masa kuɗin tara, mai tebur kuwa na jiransa a ƙofar makaranta da alewa da cincin da lemon leda. A ɗauke shi a mota daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar aji. Makarantar kuwa ta kuɗi ce, wani gida ne aka yanka ɗakunansa aka kira su azuzuwa, babu filin da ɗan akuya zai yi tsalle. A tashi, a wuce Islamiyya, a dawo, mai lesin na jira. Da magariba a rufe get. Yaron ya mimmiƙe a kan kujera, waya a hannu ɗaya, faranti a ɗayan, har sha ɗayan dare in akwai wuta ko man janareta. Tun wayewar gari bai yi tafiyar da ta kai daga ɗakin kwananmu zuwa zauren lacca ba.

Ku gwada wannan da abin da masana lafiya suka shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai kowace rana. A 2019 ta ce kada a ajiye jariri gaban telebijin ko waya sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1. A kan sukari, tun 2015 ta ce abin da ya fi shi ne babban mutum kada ya wuce wajen giram 25 a yini, watau ƙaramin cokali 6. Kwalbar lemon kola mai rabin lita tana ɗauke da wajen giram 50. Ashe yaron da ya shanye kwalba ɗaya ya sha rabon babban mutum na kwana biyu, kuma cikinsa bai san ya ci komai ba, domin ruwan zaƙi ba ya ƙosarwa. Yana ajiye kwalba zai nemi tuwonsa cif.

Yaran da suka tashi a unguwannin da ke da dandali ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, wasa kawai suka sani: langa, da kokawa, da 'yar gala-gala, da gaɗa a farin wata, ga aike, ga ɗebo ruwa. Kwalamarsu goruba ce da aduwa da magarya da ɗinya da gyaɗa. Ba muna cewa a koma jiya ba ne, jiya tana da nata ƙunci, kuma mun san rashin tsaro ya sa iyaye da yawa kulle 'ya'yansu ba da son ransu ba. Amma wa ya yanka filayen wasan unguwa da na makarantun firamare ya mai da su filoti da shaguna? Ba manomi ba ne. Wani ne mai digiri ya sa hannu a fayil.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2010 ya cancanci a tsaya a kansa, domin bai shafi kuɗi ba. An duba yara 'yan shekara 4 su 8,550, aka tambayi abu uku game da gidajensu: shin ana cin abincin dare tare da iyali fiye da sau 5 a mako, shin yaron na samun barcin awa 10 da rabi, shin kallonsa bai wuce awa 2 ba. A gidajen da suka cika ukun, kashi 14 cikin 100 na yaran ne ke da ƙiba. A gidajen da ba su cika ko ɗaya ba, kusan kashi 25. Ba a ce waɗannan abubuwa su kaɗai ne dalili ba, amma bambancin ya isa a lura. Abin mamaki shi ne duk ukun muna da su a gidajen iyayenmu ba tare da an rubuta a mujalla ba. Yara kan zauna a akushi ɗaya, babba na kallo, a ci a tashi, bayan lisha kowa ya nemi tabarmarsa. Yau kowane yaro da farantinsa da ɗakinsa da lokacinsa, wai wayewa.

In an zo neman mai laifi kuwa, nan da nan sai yatsa ya nufi uwa. Wannan zalunci ne da ragon tunani. A yawancin gidajenmu wa ke riƙe da kuɗin cefane? Wa ke shigowa ranar albashi da katan ɗin lemo da ledar kayan maƙulashe, don ya fanshi rashin zamansa a gida? Maigidan da ya fita tun safe, ya zarce majalisa har dare, ya ci tsirensa a can, ya dawo ya tarar da yara sun yi barci da waya a ƙirji, ba shi da bakin cewa uwarsu ta shagwaɓa su. Ga kaka, wadda in an hana jika alewa sai ta ce ana yi masa rowa, ta ba shi a ɓoye. Ita ma sai an zauna da ita cikin ladabi an fahimtar da ita, aikin ɗanta ne kuwa ya yi wannan, ba surukarta ba. Ga kuma 'yar aiki, yarinya 'yar shekara goma sha biyu da aka ɗauko daga ƙauye, wadda ita kanta a tsumbure take, an bar mata ƙaton yaro da umurni ɗaya tak: kada a dawo a tarar yana kuka. Me za ta yi in ba ta toshe masa baki da biskit ba? A ƙarƙashin rufi ɗaya ga mai fama da rashi tana ɗura wa mai fama da yawa, a bakin get kuma ga almajiri na jiran abin da ya rage. Duk wanda ke son ganin hoton ƙasar nan ba sai ya je ofishin ƙididdiga ba.

Abin ma tun daga goyo yake farawa. Masana sun ce a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6, kuma bincike da dama sun nuna cewa yaran da aka shayar sun ɗan fi tsira daga ƙiba. A 2018 kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke samun haka. Ma'aikaciyar da dokar ƙwadago ta ba mako 12 na hutun haihuwa, yaya za ta cika wata 6, alhali ofishinta ba shi da ko ɗakin da za ta ajiye jariri? Jihar Legas ta kai hutun ma'aikatanta wata 6 a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Abin da ya yiwu a can me ya hana shi a sauran wurare? Inda aka bar giɓi kuwa, gwangwani ke shiga. Tun 1981 aka kafa ƙa'idar duniya ta hana tallar madarar jarirai barkatai, bayan shekaru ana kai ruwa rana da kamfanoni. Duk da haka a 2024 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta ba da rahoton cewa garin jarirai na Cerelac da ake sayarwa a ƙasashen Afirka da Asiya yana da ƙarin sukari, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila babu. Harshen da aka koya wa zaƙi tun yana wata shida, ranar da aka miƙa masa kwaɗon zogale ai tofarwa zai yi.

Wannan ya kawo mu ga iyakar ƙarfin gida. Uba da uwa su biyu ne, masu talla kuwa runduna ce, suna cikin telebijin, suna cikin waya, suna kan allon bakin titi. Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske ba su bar iyaye su kaɗai a fagen ba. Meksiko ta sa harajin lemo a 2014, Ingila da Afirka ta Kudu suka sa a 2018. Ƙasar Cile a 2016 ta tilasta manna baƙin tambari a jikin duk abincin da sukari ko gishiri ko kitsensa ya yi yawa, ta hana sayar da shi a makarantu, ta hana tallarsa ga yara 'yan ƙasa da shekara 14, ta kori 'yan tsanan da ake zanawa a kwali don jan hankalin yara. Mu kuwa a 2022 aka fara karɓar naira 10 a kan kowace lita, watau naira 5 a kan kwalbar rabin lita, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2016 ita ce haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin ya yi tasiri. Naira 5 ko ruwan leda ba ta saye.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya koma gida ya hau yaro da gori, ko ya sa shi azumin dole. Yaron da ake kira buhu ko tulu a makaranta ya riga ya sha isasshe. Ƙara masa a gida ba ya rage masa ko giram ɗaya, sai dai ya koya masa ci a ɓoye. Ba a ware yaro ɗaya a ba shi ganye sauran na shan lemo a gabansa. Tukunyar gidan ce za a gyara gaba ɗaya, tun daga farantin maigida. Abin da ake bukata kuwa yana nan a kasuwar Rimi da ta Sabon Gari da kowace kasuwar ƙauye: gero, dawa, acca, wake, kuka, rama, zogale, kabewa, nono. Abincin da ɗan boko ke jin kunyar a gan shi da shi, shi ne likita zai rubuta masa bayan ya kai arba'in, lokacin da sukari ya riga ya kama shi.

Lissafin ba shi da daɗi. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa a 2016 ya nuna cewa yaro mai ƙiba ya ninka ɗan'uwansa wajen sau 5 a yiwuwar zama babba mai ƙiba, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na matasa masu ƙiba da ita suke shiga manyanta. Bayanta kuwa ga ciwon sukari, ga hawan jini, ga ciwon ƙoda, ga shanyewar ɓarin jiki, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun majinyaci yake fita. Duk wanda ya taɓa ganin iyali na sayar da gona don wankin ƙoda ya san abin da muke faɗa.

Ku yayyenmu da ke ma'aikatun ilmi da lafiya da filaye, fayil ɗin makarantar da ba ta da filin wasa a teburinku yake bi kafin a ba ta izni. Takardar mai son mai da dandalin unguwa rukunin shaguna ta hannunku take wucewa, haka ma ta hutun haihuwa, haka ma ta abin da za a yarda a sayar a harabar firamare. Muna so mu ga an ƙi sa hannu. Mu kuma da ke nan, ƙungiyar ɗalibai tana da bakin magana a kan shagunan da ke cikin wannan jami'a da makarantar 'ya'yan ma'aikata da ke harabarta. Sai mu fara da ƙidaya kwalabe nawa ake sayar wa yaran firamare a bakin ƙofarta kowace rana, mu kai adadin gaban majalisar ɗalibai a zamanta na gaba.